Tarin shiƙa: Abin da ƙwayoyin T suka bayyana game da allurar da ake yi wa jariran Maraɗi

A ranar 25 ga Yunin 2025, gwamnatoci da masu ba da agaji suka hallara a Burusel, babban birnin Beljiyam, domin tara wa Gavi kuɗi. Gavi ita ce ƙungiyar da ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin alluran rigakafin yara a ƙasashe irin su Nijar. Ta nemi dala biliyan 11.9 na aikin shekara biyar, aka yi mata alƙawarin sama da biliyan 9. Sai dai abin da ya fi jan hankali a wurin taron shi ne saƙon bidiyo da sakataren lafiya na Amurka, Robert F. Kennedy Jr, ya aiko. Ya ce ƙasarsa ta dakatar da ba Gavi kuɗi, ya kuma nuna yatsa ga allura guda, wato DTP, mai kare yara daga mashaƙo da tetanus da tarin shiƙa. A cewarsa akwai alamar tana da illa ga yaran Afirka.

Wannan magana ta shafi kowane gida a Maraɗi. Allurar da Kennedy ke nufi tana cikin Penta, wadda ake yi wa jariri a cinya yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, a cibiyoyin CSI na cikin gari da na Tibiri da Jiratawa. Nijar ta fara amfani da Penta a 2008, tare da tallafin Gavi. Ita ce allurar nan da iyaye mata ke kuka da ita, saboda tana sa zazzaɓi, cinya ta kumbura, jariri ya kwana yana kuka.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Faransa ko Beljiyam ko Amurka sun ga cewa can wata iri dabam ake yi wa 'ya'yansu, wadda ba ta cika sa zazzaɓi ba. Daga nan tambaya ke tasowa a rukunonin WhatsApp na dangi da kuma a fada wajen shan shayi: shin tsohon yayi ne aka ajiye mana, mai kyau kuma aka bar wa masu kuɗi? Tambayar tana da hujja, musamman ga mutanen da ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba. Amsarta kuwa tana cikin binciken da aka yi shekara ashirin ana yi a kan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T.

Tarin da ke kashe jariri ba tare da ya yi tari ba

Tarin shiƙa, wanda ma'aikatan lafiyarmu ke rubutawa coqueluche a takarda, wata bakteriya ce ke haddasa shi mai suna Bordetella pertussis. Jules Bordet da Octave Gengou ne suka fara ware ta a 1906, a wannan birni na Burusel da aka yi taron Gavi. Tana bin iska daga tarin mai ɗauke da ita, kuma tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. A gidan da ba a yi rigakafi ba, kusan kowa na kamuwa.

Tana farawa kamar mura. Mako ɗaya zuwa biyu yaro na yoyon hanci da ɗan tari, babu zazzaɓi mai zafi, kuma a wannan lokacin ne ya fi yaɗa ta. Bayan haka tarin ke sauya kama: yaro ya yi ta tari a jere ba hutu har numfashi ya ƙare, ya ja iska da ƙara, sau da yawa ya yi amai. Yakan kai wata biyu ko uku, shi ya sa a Sin ake ce masa tarin kwana ɗari.

Ga jaririn da bai kai wata uku ba, lamarin ya sha bamban. Wani ba ya ma yin tarin. Numfashi ne ke tsayawa na ɗan lokaci, leɓe da harshe su yi duhu, ya kasa kama nono. Yawancin mace-macen wannan cuta a wannan shekarun suke faruwa. Wani ƙiyasi da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka buga a 2017 ya nuna cewa a 2014 kaɗai yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 24 suka kamu, kimanin 160,700 suka rasu, kuma fiye da rabin mamatan a Afirka suke.

Aikin ƙwayoyin T

Garkuwar jiki na da rassa biyu da suka shafi wannan batu. Na farko shi ne sinadaran kariya masu yawo a jini, waɗanda ake kira antibodi. Su ne ke kama gubar da bakteriyar ke fitarwa su hana ta aiki. Na biyu shi ne ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini. An ba su harafin T ne saboda a cikin timus suke samun horo, wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda ta fi girma da aiki a lokacin ƙuruciya.

Waɗanda suka fi muhimmanci a tarin shiƙa su ne masu ba da umarni, wato CD4. Ba su ne ke cinye bakteriya da kansu ba, su ne ke faɗa wa sauran ƙwayoyi irin yaƙin da za a yi. Kuma hanyar da suka bi tun haɗuwar farko da cutar ita ke zama ɗabi'arsu. Masu bin hanyar Th1 na fitar da sinadarin da ke zaburar da manyan ƙwayoyi masu haɗiye bakteriya. Masu bin hanyar Th17 na kiran wasu fararen ƙwayoyin jini zuwa cikin hanci da maƙogwaro, inda bakteriyar ke maƙalewa. Masu bin hanyar Th2 kuwa sun fi taimaka wa samar da antibodi, amma ba su da ƙarfi wajen share bakteriya daga hanci.

Akwai kuma wani rukuni da ba ya yawo a jini. Bayan an warke, waɗannan ƙwayoyin T na tarewa a cikin fatar hanci da huhu, kamar masu gadi a bakin ƙofa, suna jiran ranar da cutar za ta dawo. Kingston Mills da abokan aikinsa a jami'ar Trinity da ke Dublin sun shafe shekaru suna nazarinsu a jikin ɓeraye, sun kuma nuna cewa su ne ke hana bakteriyar samun wurin zama a hanci.

Ita ma bakteriyar ta san da su. Babbar gubarta na hana fararen ƙwayoyin jini, har da ƙwayoyin T, fita daga jijiyoyi zuwa inda ake buƙatarsu. Sai su taru a jini da yawan gaske. A jikin ƙaramin jariri wannan taruwa na iya toshe ƙananan jijiyoyin huhu, zuciya ta gaza. Wannan ne ya sa gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, wanda dakunan gwajinmu ke kira NFS, ke da amfani: jariri mai tari ba zazzaɓi, fararen ƙwayoyin jininsa sun yi sama sosai, alama ce da ya kamata ta tsayar da likita.

Allura iri biyu, darasi iri biyu

Tsohuwar allurar, wadda Pearl Kendrick da Grace Eldering suka haɗa a jihar Michigan ta Amurka a shekarun 1930, bakteriyar ce gaba ɗayanta aka kashe. Jiki na ganin dubban sassanta lokaci guda, har da wani sinadari na ɓawonta da ke tayar da garkuwa da ƙarfi. Shi ne ke kawo zazzaɓi da kumburi. Ita ce ke cikin Penta.

A shekarun 1970 tsoron illolinta ya bazu a ƙasashe masu arziki. A Ingila yawan yaran da ake yi wa ya faɗo daga kusan kashi 77 cikin ɗari zuwa kusan kashi 31, aka samu annoba ta mutum fiye da 100,000 tsakanin 1977 da 1979. Japan ta dakatar da ita a 1975, zuwa 1979 ta samu masu cutar kimanin 13,000 da mamata 41. A can Japan ɗin ne Yuji Sato ya jagoranci haɗa sabuwar iri, aka fara amfani da ita a 1981. Ita wannan ba ta ɗauke da bakteriyar gaba ɗaya, sai sassa ƙalilan da aka tace, daga ɗaya zuwa biyar. Ta fi tsada, ta kuma fi sauƙi a jikin yaro. Amurka ta koma kanta baki ɗaya a 1997, Ingila a 2004.

Tun a lokacin akwai alamu. A Niakhar ta Senegal, a farkon shekarun 1990, an gwada irin biyu a kan dubban jarirai, mai bakteriya gaba ɗaya ta fi tacacciyar ba da kariya. Amma sai daga baya aka gane dalili.

A ƙarshen 2013, Jason Warfel da Tod Merkel na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka suka fitar da sakamakon gwaji a kan gwaggon birai, waɗanda ke kamuwa da tarin shiƙa kamar yadda yaro ke kamuwa. Biran da aka yi wa tacacciyar allura ba su yi rashin lafiya mai tsanani ba, amma bakteriyar ta zauna a hancinsu na makonni, har suka shafa wa wasu biran da ke keji ɗaya da su. Waɗanda aka yi wa tsohuwar allurar sun fi saurin kawar da ita. Da aka duba ƙwayoyin T, sai aka ga tsohuwar ta tura su hanyar Th1 da Th17, kamar yadda kamuwa da cutar kanta ke yi, tacacciyar kuma ta fi karkata su zuwa Th2. Gwajin ɓeraye na Dublin ya ƙara da cewa tsohuwar na samar da masu gadin nan na cikin hanci da huhu, tacacciyar ba ta samarwa.

A 2018 kuma masu bincike a cibiyar La Jolla da ke Kalifoniya suka duba jinin manyan mutane. Suka tarar cewa irin allurar da aka fara yi wa mutum yana jariri ita ke tsara halin ƙwayoyin T ɗinsa har ya girma, ko da an yi masa ƙarin tacacciyar allura daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma garkuwar jiki.

Dole a yi adalci a nan. Yawancin wannan ilimi daga dabbobi aka samo shi, domin ɗaukar samfur daga huhun jariri ba abu ne mai sauƙi ba. Tsohuwar allurar ma kariyarta na raguwa da shekaru, kuma ingancinta ya danganta da kamfanin da ya haɗa ta: wata iri da aka gwada a Suwidin da Italiya a shekarun 1990 ba ta taɓuka abin kirki ba. Tacacciyar kuma tana kare jariri daga mutuwa sosai a shekarunsa na farko. Bambancin shi ne kariyarta ta fi saurin gushewa, kuma ba ta hana yaɗuwa yadda ake so.

Cutar ta dawo inda aka sauya allura

A 2024 Ingila ta tabbatar da masu tarin shiƙa kusan 15,000, jarirai 11 suka rasu. Faransa ta ga annobar da ta daɗe ba ta ga irinta ba, mutum fiye da 40 suka mutu, kimanin rabinsu jarirai. Amurka ta ƙirga sama da 35,000. Dalilan suna da yawa: kullen korona ya rage cuɗanya na shekara biyu, sai garkuwar jama'a ta yi rauni, wasu iyaye sun ƙi rigakafi, gwajin gano cutar ma ya ƙaru. Amma masana da dama na sanya saurin gushewar kariyar tacacciyar allura cikin manyan dalilai, domin cutar ta fara dawowa a waɗannan ƙasashe tun kafin korona.

Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a matsayarta ta 2015, ta shawarci ƙasashen da ke amfani da mai bakteriya gaba ɗaya da su ci gaba da ita ga jarirai. Ta ce kada ƙasa ta sauya sai idan tana da halin biyan alluran ƙari a kai a kai da kuma ta masu juna biyu.

Zargin Kennedy kuwa ya dogara ne a kan wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya yi amfani da bayanan yara daga Bandim ta Gini Bisau na farkon shekarun 1980. Nazarin ya ce yaran da aka yi wa DTP sun fi mutuwa daga wasu cututtuka dabam. Yaran ba su da yawa, mamatan da aka ƙirga ƙalilan ne, kuma ba gwaji ne da aka raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba ire-iren waɗannan nazarce-nazarce tun 2014, ya ga sakamakonsu na saɓa wa juna, bai sauya shawararsa ba. Tambaya ce da ta cancanci a ci gaba da bincike a kanta. Abin da aka riga aka gani da ido shi ne abin da ya faru a Ingila da Japan lokacin da aka ajiye allurar.

Inda gizo ke saƙar a Maraɗi

Idan har allurarmu na koya wa ƙwayoyin T darasi mai ƙarfi, to me ya sa ba za mu kwanta da ido biyu rufe ba? Saboda darasin sai an kai yaro makaranta a kan lokaci, kuma an kammala.

Matsala ta farko ita ce jinkiri. Allurar farko a mako 6 take, wato daidai lokacin da mai jego ke gama wankan arba'in. Da yawa daga matan da suka je gida haihuwa, daga Maraɗi zuwa ƙauyukan Tibiri ko Madarunfa, ba sa komawa CSI sai jariri ya yi wata uku ko huɗu. Waɗannan makonnin da aka rasa su ne mafi haɗari a duk rayuwar yaron game da wannan cuta. Ko allura ɗaya tak na rage haɗarin mutuwa sosai, saboda haka kowane mako na jinkiri asara ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran Nijar na samun Penta ta uku, amma wannan adadi ba ya faɗin ko a wane wata suka samu.

Ta biyu ita ce yankewa a tsakiya. Uwar da jaririnta ya kwana da zazzaɓi bayan Penta ta farko, idan ba wanda ya gaya mata tun da farko cewa haka za a yi, kuma zai wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ba lallai ne ta dawo ba. Sau da yawa ma ba ita ke yanke hukunci ba, maigida ne ko kakar yaro. Minti biyu na bayani daga ma'aikacin lafiya na iya ceto allura biyu da suka rage. Idan zazzaɓin ya yi tsanani, ko yaro ya yi jijjiga, ko jikinsa ya saki, wannan kam a koma asibiti nan take, kuma ba kasafai yake faruwa ba.

Ta uku ita ce yanayin gidajenmu. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, a jihar Maraɗi kuma ya haura 8. Jaririn da aka haifa a irin wannan gida yana kwana ɗaki ɗaya da yayye. Ranar suna kuwa hannu nawa ne ke ɗaukarsa? A ƙasashen da aka bi diddigi, galibi daga cikin gida jariri ke kamuwa, daga uwa ko uba ko yayye, waɗanda nasu tarin bai wuce a ce sanyi ne ba. A nan ne amfanin allurar da ke share bakteriya daga hanci ke fitowa: yayan da aka kammala wa Penta na kare ƙaninsa da bai kai mako 6 ba.

Ta huɗu ita ce tamowa da ƙyanda. Maraɗi ce cibiyar matsalar tamowa ta 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, kuma har yau asibitin Madarunfa na cika da yara a kowace damina. Tamowa mai tsanani na sa timus ya ƙanƙance, ƙwayoyin T su ragu. Ƙyanda kuma, kamar yadda binciken 2019 ya nuna, na goge wani ɓangare na abin da garkuwar yaro ta riga ta koya game da wasu cututtuka. Yaro mai tamowa ya fi kowa buƙatar allura, kuma ba hujja ba ce ta ɗage ta.

Ta biyar ita ce iyaka. Daga Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa tafiyar ɗan lokaci ce, aure da kasuwa sun haɗa mu da Katsina da Zamfara da Sakkwato. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ba su taɓa samun Penta ko ɗaya ba, kimanin miliyan biyu, kuma arewa maso yamma na cikin wuraren da abin ya fi muni. Tun 2019 dubun dubatar 'yan gudun hijira suka tsallako saboda 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori cikin gundumar Gidan Rumji, wadda Tibiri ke ciki. Yawancinsu mata da yara ne daga ƙauyukan da asibitocinsu suka daina aiki.

Mun riga mun ga gargaɗi. Mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, a Yulin 2023 ya bayyana a Nijar, ya fi ƙamari a Matamaye ta jihar Damagaram. Allurar da ke kare mashaƙo ita ce ke kare tarin shiƙa. Duk inda mashaƙo ya samu yaran da zai kama, to tarin shiƙa ma ya same su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ba a auna ba

Bambancin shi ne mashaƙo na nuna kansa a maƙogwaro, tarin shiƙa kuwa na ɓoyewa cikin sauran tari. Tabbatar da shi na buƙatar gwajin PCR daga samfurin cikin hanci, abin da ba ya cikin aikin yau da kullum na CSI. Jaririn da ya rasu sai a rubuta limoniya, ko a ce iska ce, ko ba a rubuta komai ba. Wani nazari da aka buga a 2014 a kan yara kimanin 300 masu tari a asibiti a Yamai ya samu bakteriyar Bordetella a jikin kusan ɗaya cikin goma. Ƙarancin adadi a rahotannin hukuma ba shaida ba ce ta cewa cutar ba ta nan.

Maraɗi na da abin da ake buƙata domin cike wannan giɓi. Cibiyar bincike ta Epicentre da ke garin ta gudanar da gwajin allurar gudawa ta rota a kan jarirai kimanin 3,500 a gundumar Madarunfa, aka buga sakamakon a 2017, ya kuma taimaka wajen amincewa da allurar a duniya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na da sashen koyar da likitanci, akwai cibiyar kula da uwa da yaro, akwai kuma cibiyar CERMES a Yamai mai ɗakin gwaji na ƙasa. Ɗaukar samfur daga jariran da aka kwantar da matsalar numfashi na tsawon shekara guda zai faɗa mana girman matsalar. Zai kuma ba da damar nazarin ƙwayoyin T na yaran da suka taso da tsohuwar allura a cikin tamowa da zazzaɓin cizon sauro, abin da ba za a iya nazarinsa a Dublin ko Kalifoniya ba.

Akwai kuma batun sanyi. Penta na son ajiya tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafi na lalata ta, daskarewa ma na lalata ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, har da layin Katsina da ke ciyar da Maraɗi, iyaka kuma ta kasance a rufe har Maris na 2024. Wannan ya nuna cewa firiji mai aiki da hasken rana a kowace CSI ba kayan alatu ba ne.

Makonni shida na farko

Saura giɓin da Penta ba ta iya rufewa, daga haihuwa zuwa mako 6. Ƙwayoyin T na sabon jariri ba su ƙware ba, kuma na uwa ba sa tsallaka mahaifa su kare shi, antibodi ne ke tsallakawa. Shi ya sa Ingila ta fara yi wa masu juna biyu tacacciyar allura a 2012, bayan annobar da ta kashe jarirai 14, aka kuma ga tana kare kimanin tara cikin goma na jariran. Faransa ta bi sahu a 2022. A nan kowace iri na da wurinta: tacacciyar ga uwa, mai bakteriya gaba ɗaya ga jariri. An gwada haɗa su a Gambiya, aka ga allurar uwa ba ta da haɗari kuma tana ɗaga kariyar jariri a farkon rayuwa, ko da yake tana ɗan rage martaninsa ga allurarsa daga baya. Allurar tetanus da ake yi wa matanmu a wurin awo ba ta ɗauke da sashen tarin shiƙa, kuma tsada ce babban cikas.

A Lille ta Faransa, Camille Locht ya haɗa wata iri da ake fesawa a hanci, mai suna BPZE1, da nufin samar da masu gadin nan na cikin hanci kai tsaye. Tana kan gwaji. Senegal da Muritaniya kuma sun fara amfani da allura mai kare cuta shida a 2025, wadda ta haɗa Penta da ta shan inna, kuma sashenta na tarin shiƙa mai bakteriya gaba ɗaya ne. Duk waɗannan na buƙatar kuɗi, a daidai lokacin da asusun Gavi ya ragu.

Kafin su iso, akwai abin da ke hannun mai karatu. Idan an yi haihuwa a gidanku, ƙirga mako 6 daga ranar, ka tabbatar an kai jariri ko da mai jego na ƙauye. Kai da ke aiko da kuɗin suna daga Agadas ko Libiya ko Faransa, ka nemi a turo maka hoton karnen rigakafi, ka duba ko layukan Penta uku sun cika. Idan an tsallake, ba a sake farawa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Mai tari, ko kaka ce, ya haƙura da ɗaukar jariri har ya warke. Tarin da ya wuce mako biyu, mai zuwa a jere da amai, a kai asibiti a kuma ambaci sunan tarin shiƙa. Maganin azitromisin na rage yaɗuwa idan an fara da wuri, amma likita ne zai rubuta, domin a Sin bakteriyar ta riga ta daina jin irin wannan magani, kuma sayen ƙwaya a hannun 'yan talla na kai mu can. Cire beli wajen wanzami ba ya maganin wannan tari, sai ƙara wa yaro rauni da zubar jini. Jaririn da numfashinsa ke tsayawa ko leɓensa ya yi duhu kuwa, a kama hanyar asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.